Ƙwarya ta Uku

Ranar Talata, goma sha bakwai ga watan Yuli, shekara ta alif ɗari tara da sittin da biyu, gari ya waye da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum nan take sai ya yi tafiya ya ji tufafinsa sun yi nauyi. Babu rana, babu iska, teku kuwa ta kwanta baƙi ƙirin kamar an zubar da tawada. Da wannan safiyar na sauka a Tsibirin Nerwa, bayan kwana biyu a jirgin ƙasa, da kwana talatin da ɗaya a babban jirgin ruwa, da kwana tara a ƙaramin jirgin wasiƙu, wanda ba ya leƙa tsibirin sai sau biyu a shekara.

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya rarraba harsuna, Ya kuma san abin da ke ƙarƙashin kowanne. Sunana Tasalla, mutuniyar Malumfashi, malamar makaranta. Abin da na gani zan ce na gani, abin da na ji zan ce ji na yi, abin da ban sani ba kuwa zan bar shi inda yake. Za ku ga inda na koyo wannan taka-tsantsan.

Abin da ya kai ni can yayana ne, Tanimu. Harshe bakwai yake ji. Idan ya zauna da baƙo a tasha, kafin mota ta cika ya fara mayar masa da magana cikin yarensu. Da ya ji labarin wani tsibiri da baƙo ba ya iya harshen mutanensa ƙasa da shekara uku, sai ya yi dariya ya ce shi wata shida ya ishe shi. Wasiƙarsa ta farko shafi takwas ce. Ta biyu shafi ɗaya, da guraben da ya bari babu komai a tsakiyar magana. Daga nan shiru, har shekara biyu.

Mahaifiyarmu ba ta karatun boko, idonta ma ya fara tafiya, amma ta san rubutun ɗanta. Yaya yana danna alƙalami har haruffa su kumburo ta bayan takarda, ita kuwa da yatsa take shafawa. Ranar da zan tashi ta riƙe gefen mayafina.

"Tasalla, ban ce ki ɗauko shi a ka ba. Ki aiko mini da hannunsa a takarda, in shafa, in san yana numfashi. Kada kuma ki rubuta ki ce shi ne. Na san hannunki, kamar tafiyar kyanwa yake."

"To, Inna."

"Jikin nan nawa ba zai jira shekaru ba. Kin ji?"

Na ji. Da wannan na shiga duniya.

A bakin gaɓar Nerwa babu mai tambayar takardun mutum. Wani dogo ne ya miƙo mini ƙwarya biyu da jakar fararen tsakuwa, ya nuna mini hanya da haɓa. Ina hawa tudu na hangi mutane kamar ɗari a bakin ruwa, sanye da toka-tokan riguna, sun sunkuya suna tsintar tsakuwa suna wankewa. Ko ɗaya ba ya magana. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka babu hayaniya ba, sai ƙarar duwatsu a cikin kwando.

Gidan da aka nuna mini na wata tsohuwa ne, Goggo Ladingo, mutuniyar Damagaram, shekararta goma sha tara a tsibirin. Ita ke saukar da duk wanda ya zo daga wajenmu.

"Lale, lale! Ke 'yar ina ce? Shigo mana, kada ki tsaya a bakin... a bakin wannan." Ta buga katakon da tafin hannu.

"Ƙofa, Goggo."

"Ita! Tana cikin rijiya tun shekarar da na zo. Nakan kamo ta, ta sake sulluɓe mini, 'yar banza."

Na ɗauka tsufa ne. Sai da ta zaunar da ni ta zuba mini romon kifi, sannan ta warware mini al'adar garin. Ta ce a zamanin da, wani tafinta ya gyaɗa kai ya ce ya gane saƙon da bai gane ba, ya kai jiragensu arba'in kan duwatsu, mazajen tsibirin suka ƙare a yini ɗaya. Tun daga nan mutanen Nerwa ba su da abin tsoro kamar wanda zai ce ya sani alhali bai sani ba. Shi ya sa kowane baƙo ake ba shi tsakuwa. Duk kalma ko gajeriyar maganar da zai koya, shi da mai koya masa za su riƙe tsakuwa ɗaya a tsakanin tafukansu, wannan ya faɗa da Nerwanci, wancan ya faɗa da harshen uwarsa, tsakuwar ta riƙe duka biyun. Daga nan baƙo ne da kansa zai zaɓi inda zai jefa ta: ƙwaryar "na sani" ko ƙwaryar "ban sani ba".

"Duk ranar kasuwa," in ji ta, "Mai Awo, dattijon da ke jarraba baƙi, zai zari goma daga ƙwaryar 'na sani', ya ƙwanƙwasa kowace a bakin rijiya. Za ta faɗi kalmar da Hausa, da muryarki. Ke kuma ki mayar da Nerwanci kafin ya ja numfashi uku. In kin kasa, ya sake ta ciki. Ta tafi da ta Nerwancin, ta tafi da ta Hausar."

"Wadda na sa a 'ban sani ba' fa?"

"Ko dubu ce babu mai taɓa ki. Sai dai ba ki barin tsibirin nan sai ƙwaryar 'na sani' ta rinjayi dutsen awo a kan sikelin Mai Awo. Gaggawa ke cin mutane, 'yar nan, ba rijiya ba."

Na tambaye ta Tanimu. Ta ce, "Mai tabarau, mai yawan dariya?" Sai ta tashi ta hau gyaran murhun da babu abin da ya same shi.

Da rana ta take tsaka ta ja ni dandalin kasuwa. Rijiyar tana tsakiya, bakinta na tagulla, faɗinta ya kai ɗaki. Mutanen gari duk sun ja baya sun toshe kunnuwan 'ya'yansu. Ina shirin tambaya sai na ji abin ya taso daga ƙasa, kamar kasuwa ce a binne: muryoyi ɗaruruwa, kowace da yarenta, kowace tana faɗin kalma ɗaya tak, ta yi shiru, ta sake. A cikinsu na tsinci Hausa. Na tsinci muryar da na tashi ina ji ta bayan katangar ɗakinmu.

"Alhamis," in ji muryar. "Gida. Gafara. Inna. Inna."

Na yunƙura zan nufi bakin rijiyar. Goggo ta riƙe ni har abin ya lafa, sannan ta kai ni bakin ruwa, wurin masu toka-tokan riguna. Wanda ya zubar da harshensa har ya kasa roƙon ruwan sha, gari ke ɗaukarsa, ya ci ya sha, ya yi ta wanke tsakuwar da za a ba sababbin baƙi. Yaya Tanimu na can ƙarshen layi, babu tabarau, gemu ya yi fari. Na ce, "Yaya." Ya ɗago. Ya gane fuskata, na ga ya gane. Ya buɗe baki, leɓɓansa suka yi ta motsi, babu abin da ya fito. Sai ya sunkuya ya ci gaba da wanki, hawaye na ɗiga a kan tsakuwar.

Goggo ta ce babu mai fitar da mutum daga nan sai Mai Awo, shi kuwa ba ya sauraron roƙo ta bakin tafinta. Sai in koyi Nerwanci in roƙe shi da bakina. Jirgin wasiƙu zai dawo bayan mako ashirin da biyu.

Ban tsorata da karatun ba. Shekara ashirin da ɗaya ina koyar da 'ya'yan mutane, na kuma zo da sabon littafin rubutu mai bango baƙi. Na raba kowane shafi biyu da layi, Hausa a dama, Nerwanci a hagu. Goggo na faɗa, muna riƙe tsakuwa, ina rubutawa. Da safe in karanta, da la'asar in karanta. Kafin ranar kasuwa na zuba sittin a ƙwaryar "na sani".

Goggo ta leƙa ƙwaryar ta taɓe baki. "Malama, yaya aka yi kika san kin sani?"

"Na bi su sau ashirin, Goggo. Ina kallon kowace na gane ta."

"Yayanki sau hamsin ya ce mini. Da Turanci ma ya faɗa, don in ji tsoro."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi makaranta yana sauraron wanda bai yi ba. Allah Ya yafe mini wannan murmushin.

Mai Awo tsoho ne siriri, hannayensa sun yi fari fat saboda taɓa tsakuwa. Bai dube ni ba. Ya zari ta farko ya ƙwanƙwasa, na ji muryata ta ce "ruwa", na mayar. Ta biyu, na mayar. Ta huɗu ta ce "inuwa". Na san shafin da take. Na san tana ƙasa, kusa da inda tawada ta ɗiga. Na ga siffarta, doguwa ce, da wani harafi mai wutsiya. Amma bakina babu komai. Ya ja numfashi na uku, ya buɗe yatsunsa.

Ba zafi ake ji ba. Kamar dai ka taka matakalar da ka saba takawa ka tarar babu ita. A wannan rana na rasa uku. Da na koma gida na buɗe littafina, na ga rubutun hannuna a gefen Hausa, kalmomi uku da ban taɓa gani ba a duniya: inuwa, allura, gobe. Sai da Goggo ta ja ni gindin bishiya ta nuna mini ƙasa, ta ɗauko abin ɗinki ta soka mini a yatsa. Ta ukun ta sha wuya kafin ta fahimtar da ni. Na sake koyonsu kamar yadda ake koyon bakin wasu, har yau kuma idan zan faɗi ɗayansu sai na ɗan tsaya na lalubo ta.

Kwana biyu ban taɓa tsakuwa ba. Na zauna a tsakar gida ina bincikar kaina kamar yadda nake bincikar ɗalibar da ta faɗi jarrabawa. Ban yi ƙarya ba da na ce na gane su. To me ya faru? A hankali na ga inda ramin yake. Idan littafi na buɗe, ido ne ke gaishe da kalma, kamar fuskar da ka saba gani a kasuwa, ka ce ai na san wannan. A ce maka kira sunansa, sai ka tsaya. Ni sanin fuska na yi, rijiya kuwa suna take tambaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, daga ciki duka biyun ɗanɗanonsu ɗaya.

Na shiga madafar Goggo na ɗauko wata tsohuwar ƙwarya da ta fashe aka ɗinke.

"Wannan ta tsakin kaji ce," in ji ta.

"Ara mini. Wannan ita ce 'ina tsammani'."

"Su biyu suka ba ki."

"Sun hana ta uku?"

"Shekara goma sha tara," ta ce, "ban ji wanda ya tambaya ba."

Na juye duk abin da ke ƙwaryar farko a cikin ta ukun, na kafa wa kaina sharaɗi. Tsakuwa ba ta komawa "na sani" sai na faɗe ta littafi a rufe. Ba a ranar da na koye ta ba, domin a ranar kowace kalma tana da ɗumi, tana zuwa da gudu. Sai bayan kwana uku, in ta zo, in sake barinta kwana bakwai. Bayan wannan kuma sai na fita da ita kasuwa na faɗa wa mutumin gari, ya miƙo mini abin da na nufa ba wani abu ba. Akwai wata mai kifi, ƙatuwa, mai dariya kamar ana fasa itace. Ranar da na nemi kifi uku ta ɗora mini kwandon gawayi a ka, ta kira maƙwabtanta su zo su gani. Wannan kalmar ban sake mance ta ba.

Na fara lura da kaina kamar wata baƙuwa. Na ga abin da na taɓa da hannu yana zama, abin da aka yi mini dariya a kansa ya fi zama. Na ga abin da na koya bayan cin abincin rana ba ya kwana. Na ga idan na ɗauki kalmomi biyu masu kama da juna a yini ɗaya sai su sarƙe, don haka nakan raba su da mako. Na juya littafin ta baya ina rubuta waɗannan. Gabansa ya zama na Nerwanci, bayansa na Tasalla.

Tafiyar ta yi nauyi. A mako na biyu tsakuwa tara kawai na kai gaban rijiya, har Mai Awo ya rasa ta goma da zai zara. Wani baƙo da muka sauka tare, mutumin wata ƙasa mai sanyi, ya leƙa ƙwaryata ya yi mini alamar tausayi, tasa na ambaliya. A mako na tara na gan shi a bakin ruwa cikin toka-tokar riga. Kullum da hantsi nakan bi ta wurin in zauna kusa da Yaya. A nan na lura da wani abu: idan mutumin garin da ke gadinsu ya yi magana, Yaya yakan yi abin da aka ce. Kwando, ruwa, zo, ajiye, gobe. Shekara biyu yana aiki da hannunsa, Nerwanci kaɗan ya shige shi ta inda bai nema ba, ya kuma zauna daram.

A mako na goma sha biyu ina da ɗari biyu da arba'in a ƙwaryar farko, ban sake rasa ko ɗaya ba. Na gina roƙona da su kaɗai, kamar mai gina ɗaki da tubalin da ke gabansa. Bayan awo na ƙi tashi.

"Baba Mai Awo," na ce da Nerwanci, "ina da magana."

A karo na farko ya dube ni. Idonsa ya sauka kan ƙwaryar kaji. "Biyu muka ba ki."

"Biyu ba su isa ba. A wannan na fi zama."

Ya ɗauke ta ya juya, ya shafa ɗinkin, ya ajiye. "Faɗi."

"Dokarku ta ce baƙon harshe a ba shi tsakuwa. Yayana yana bakin ruwa. Harshen uwarsa ya zama baƙo gare shi. A ba shi tsakuwa. Ni zan koya masa."

Tsohon ya daɗe yana kallon rijiya. "Ba a taɓa yi ba," ya ce. "Doka kuma ba ta hana ba. Amma ki sani, shi zai faɗa da Nerwanci, ke ki faɗa da harshenku. Muryar wa ke ɗauke da harshenku a kan tsakuwar?"

"Tawa."

"In ya ce ya sani bai sani ba, daga bakin wa za ta fita?"

Na gane. Na ce, "Nawa."

"Wanda ya fito daga bakin ruwa ba ya aika rubutu sai kowace magana da ke ciki ta bi ta gabana. Ba goma ba, duka. Kuma mai ƙwarya ne ke zaɓen inda zai jefa. Kika sa masa hannu, ya koma inda ya fito."

Haka na karɓo Yaya, saura mako goma jirgi ya zo.

Na zaci wahala ta karya masa hali. Ashe hali ba ya cikin abin da rijiya ke ci. Kwana uku yana kama kalmomi kamar mai jin yunwa, kansa na nan da kaifinsa. Ina faɗa sau ɗaya zai maimaita daidai, ya gyaɗa kai da sauri, ya kai hannu ƙwaryar farko. Wannan gyaɗa kan na san shi tun ina yarinya.

"A'a, Yaya. Bari ta kwana uku."

"Na sani," ya ce. Ita ce maganar Hausa ta farko da ta dawo masa da kanta, ba tare da na koya masa ba.

Goggo ta tuntsire da dariya daga madafa. "Kin ji ko? Duk abin da ya zuba a rijiya, wannan bai faɗa ba. Ta fi ƙarfin rijiya!"

Na samo masa tasa ƙwaryar ta uku. Ya ƙi ta. Ranar da na rufe littafi na tambaye shi abin da ya rantse ya sani shekaranjiya, ya rasa bakwai cikin goma, ya yi jifa da ƙwaryar har ta bugi katanga, ya fita. Da la'asar ya dawo ya tsince tsakuwar ɗaya bayan ɗaya. Wasu ranakun yakan bi sharaɗin, wasu ranakun in tarar ya ƙara biyar a ta farko da ban san lokacin da ya sa ba. Kalma ɗaya ce ta fi ba mu wuya. Duk sanda muka zo kan "Inna" sai maƙogwaronsa ya toshe, numfashi uku su wuce, biyar su wuce. Na daina tambayarsa ita.

Jirgi ya iso ranar Talata, goma sha takwas ga Disamba, wadda ta dace da ranar kasuwa, zai tashi da la'asar. Yaya ya tsara wasiƙarsa a ka, ya jera tsakuwarta a ƙwaryar farko. Na ƙirga da ido muna tafiya dandali: arba'in da ɗaya. Na san aƙalla rabinsu bai kai su kwana bakwai ba. A ciki akwai "gida", akwai "kewa", akwai "ki yafe mini". Na riƙa faɗinsu a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sallama da mutanen da za su yi tafiya. Goggo na gefena tana ta salati ƙasa-ƙasa.

Akwai mutum huɗu a gabanmu. Kafin layi ya zo kanmu rana ta take tsaka, rijiya ta tashi. Mutanen gari suka ja baya. Yaya bai motsa ba. Shekara biyu yana jin wannan hayaniya daga nesa ba ya gane komai, yau kuwa yana da ɗan abin da zai ji da shi. Muryarsa ta dā ta taso, cike da ƙarfi, irin ta mutumin da bai taɓa shakkar kansa ba. "Gida," in ji ta. "Gafara." Can ƙasa na ji wata siririyar murya ta ce "gobe". Tawa ce.

Yaya ya juyo ya dube ni. Shi ma ya ji ta.

Ya zauna a ƙasa, a gaban jama'a, ya juye ƙwaryar a kan rigarsa. Ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago ba, Goggo ta ɗora masa ƙwarya ta uku, ashe ta ɓoyo ta a mayafi. Ya ɗauki tsakuwa, ya rufe ido, leɓɓansa suka motsa, ya jefa a ta uku. Ya ɗauki wata, ta uku. Wata ya daɗe da ita, na gane ta da wani jan zane da ke jikinta, "ki yafe mini" ce. Ya kai ta bakin ƙwaryar farko, ya tsaya, ya dawo da ita.

"Wannan," ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "ba yau ba."

Da ya gama, huɗu ne a ƙwaryar farko, ɗaya a tafinsa. Na san wace ce. In ta faɗa rijiya, zan koma Malumfashi in tsaya gaban matar da ta haife ni ban san abin da zan kira ta ba. Doka ta hana ni sa hannu, amma ba ta hana ni tambaya ba.

"Yaya," na ce, "yaya aka yi ka san ka sani?"

Bai gyaɗa kai ba. "Bakin ruwa," ya ce. "Ni kaɗai. Babu littafi, babu ke. Safiya tara." Ya nuna maƙogwaronsa. "Bakwai ta fito. Biyu ta tsaya."

"Na ƙarshen fa?"

"Biyar na ƙarshe, ta fito."

Ya dubi fuskata. Na mayar da idona kan rijiya. Ya sa ta a ƙwaryar farko.

Mai Awo ya ƙwanƙwasa ta farko, ta faɗa da Nerwanci, Yaya ya mayar da Hausa. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, duk ya mayar, a hankali, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Tsohon ya ɗauki ta biyar ya buga a tagulla, ta faɗi kalmar da Nerwanci. Ya miƙa hannunsa a kan ramin, ya ja numfashi ɗaya. Ya ja na biyu. Goggo ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Farin yatsun nan suka fara saki.

"Inna," in ji Yaya Tanimu.

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, muryar ma a shaƙe take. Mai Awo ya janye hannunsa, ya ajiye tsakuwar a tafin Yaya, ya naɗe masa yatsu a kanta.

A kan gwiwarsa ya rubuta, a takardar da na yago daga tsakiyar littafina, inda Nerwanci ya ƙare Tasalla ba ta fara ba. Mutumin da ya taɓa aiko da shafi takwas ya yi kusan rabin sa'a a kan layi biyu:

Inna. Ni ne. Ina da rai.
Tasalla tana nan. Muna zuwa.

Ni ma na rubuta tawa doguwa, na bayyana cewa ƙwaryata ba ta rinjayi dutse ba tukuna, tasa kuwa yanzu aka fara, sai jirgi na gaba ko na bayansa. Amma na san ba tawa za a shafa ba. Kafin in naɗe tasa na juya ta, na rufe ido, na bi bayanta da yatsa. Haruffan sun kumburo, na farkon har ya huda takardar.

Muka gangara gaɓa ana kaɗa ƙararrawar tashi, yayyafi ya fara sauka. Ma'aikacin jirgi ya riga ya kama bakin buhun zai ɗaure. Na miƙa hannu zan jefa, Yaya ya karɓe ambulan daga hannuna. Ya duba sunan garinmu da na rubuta a bayanta, ya daɗe yana dubawa, ya ɗago ya tambaye ni da ido.

"Malumfashi," na ce.

"Ina tsammani," ya ce, ya saki wasiƙar a cikin buhu, mutumin ya ja igiya ya ɗaure.